Ka nemi 54, iska ta ba ka 1: bin sawun jinkiri wajen cusa firam na Wi-Fi a Linux

Ka rubuta shirinka, ka mayar da katin Wi-Fi yanayin sauraro (monitor mode), ka haɗa firam, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa a iska, da hannunka bayit bayan bayit, ka rubuta a goshin radiotap, ɗan bayanin da ake sa wa a gaban firam don faɗin yadda za a aika shi, cewa 54 Mbps kake so. Firam suna fita, amma tafiyar hawainiya suke yi. Ba wani saƙon kuskure, send() ta ce ta karɓa, komai shiru. Wannan shirun shi ne wahalar aikin, domin daga shirinka zuwa eriya akwai hannuwa huɗu ko biyar, kuma kowanne yana iya watsar da umarninka bai gaya wa kowa ba.

Ana wannan aiki don gwada na'urorin da mutum ya mallaka, ko bincike a ɗakin gwaji, ko aika bidiyo daga jirgi marar matuƙi ba tare da an ƙulla haɗi da rauta ba. A kan kayanka da tasharka za ka yi gwajin, ba a kan hanyar maƙwabci ba.

Kafin komai, raba abubuwa uku da mutane ke haɗawa su kira gudu. Akwai gudun da ka roƙa a radiotap. Akwai gudun da katin ya yi amfani da shi a iska. Akwai kuma adadin bayanan da suka isa wancan gefen a cikin daƙiƙa. Kowanne da irin cutarsa, kuma wanda bai san wanne ke ciwo ba zai kwana yana gyara lafiyayyen wuri.

Mataki na 1: samo kunne na biyu

Kada ka yarda da abin da katin da ke aikawa ya nuna maka. Idan ka buɗe Wireshark, manhajar da ke kama firam ta nuna cikinsu, a kan katin da kake cusa firam da shi, sau da yawa firam ɗaya za ka gan shi sau biyu: na farko kwafin abin da shirinka ya miƙa ne, ɗauke da goshin da kai ka rubuta, na biyu kuma rahoton da ke dawowa bayan aikawa. Na farkon maganarka ce kawai ake maimaita maka. Na taɓa ɓata yini guda ina murna da 54 a allo, ashe rubutuna nake karantawa.

Samo kati na biyu, zai fi kyau a wata kwamfutar, ka ajiye shi tazarar mita ɗaya ko biyu. Kada su manne da juna, ƙarfin sigina yana toshe kunnen mai sauraro. Ka sa shi a tasha ɗaya da mai aikawa:

```
ip link set wlan1 down
iw dev wlan1 set type monitor
ip link set wlan1 up
iw dev wlan1 set channel 6
```

Ba wa firam ɗinka adireshin mai aikawa wanda ba za ka rikita da na kowa ba, sannan ka tace da shi a tshark, wato Wireshark na layin umarni:

```
tshark -i wlan1 -Y "wlan.ta == 02:00:00:00:00:01" -T fields -e wlan_radio.data_rate -e wlan.fc.retry -e wlan.seq
```

Filaye uku za su fito a kowane layi: gudun gaskiya, ko firam ɗin maimaici ne, da lambar jerinsa. Daga nan hanya ta rabu. Idan gudun bai yi daidai da wanda ka nema ba, matakai na 2 zuwa 4 ne naka. Idan gudun daidai ne amma bayanai ba sa isa da yawa, tsallaka zuwa na 5.

Idan ba ka da kati na biyu a yau, ƙirga firam nawa ke fita a daƙiƙa. Firam mai bayit 1500 a 1 Mbps yana cin milisakan 12 da ɗan ɗori, wato wajen firam 80 a daƙiƙa. A 6 Mbps wajen 470 ne. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan lambobi biyu ya san an yi watsi da roƙonsa, an mayar da shi mafi ƙanƙantar gudu: 1 Mbps a zangon 2.4 GHz, 6 Mbps a zangon 5 GHz. Haka mac80211, ɓangaren Linux mai kula da aikin Wi-Fi, ke yi da firam ɗin da ba a faɗa masa gudu ba, kuma ba na wani abokin haɗi da ya sani ba.

Mataki na 2: karanta goshin radiotap da idon mai neman laifi

Mafi yawan matsalolin nan suke, don haka zan daɗe a kansa.

Goshin yana farawa da bayit takwas: siga, wadda sifili ce, bayit ɗaya na ciko, bayit biyu na tsawon goshin gaba ɗaya, sai bayit huɗu masu nuna waɗanne filaye ne ke biye. Duk lambar da ta wuce bayit ɗaya, ƙaramin bayit ake sa wa a gaba. Wanda ya saba da htons() a shirye-shiryen TCP yakan juya su da kansa, ya lalata tsawon.

Ga goshi mai neman 54 Mbps, ba jiran amsa:

```
00 00          siga da ciko
0c 00          tsawo: 12
04 80 00 00    bit 2 da bit 15
6c             gudu
00             ciko
08 00          TX_FLAGS: NOACK
```

Dubi 6c ɗin nan. Filin gudu ba da Mbps yake ƙirga ba, da rabin Mbps yake ƙirga, wato 500 kbps kowane ɗaya. Saboda haka 54 Mbps shi ne 108, a rubutun hex 6c. Shida shi ne 12, goma sha ɗaya shi ne 22, ashirin da huɗu shi ne 48. Idan ka rubuta 54 kai tsaye, 27 Mbps ka nema, gudun da babu shi a jerin katin. mac80211 zai duba jerin, ya rasa, ya bar maganar roƙonka, firam ya fita a ƙasa. Wannan ma da sauƙi, domin faɗuwar tana da girma za ka lura. Mugun tarkon shi ne lambobin da rabinsu ma halastaccen gudu ne: ka rubuta 48 ka sami 24, ka rubuta 36 ka sami 18, ka rubuta 24 ka sami 12, ka rubuta 11 ka sami 5.5. Komai na aiki, sai dai rabi, kuma mutum ya yi ta zargin eriya.

Haka nan 1, 2, 5.5 da 11 na zangon 2.4 GHz ne kaɗai. Ka nemi 11 a tashar 5 GHz, ba za a same shi a jerin ba.

Sai cikon da ke bayan 6c. Dokar radiotap ita ce kowane fili ya fara a wurin da ya dace da girmansa, ana ƙirgawa daga farkon goshin: mai bayit biyu a wuri mai rabuwa da biyu, mai takwas irin TSFT, filin lokaci, a wuri mai rabuwa da takwas. Gudu ya zauna a wuri na 8, don haka TX_FLAGS ba zai fara a na 9 ba, sai na 10. Ka manta cikon, ka rubuta tsawo 11, mai karantawa zai nemi bayit ɗin da babu, ya jefar da firam ɗin. Ka manta cikon amma ka bar tsawo 12, zai haɗiye bayit na farko na firam ɗin 802.11 a matsayin nasa, abin da zai fita iska kuma shirme ne. Idan da C kake rubutu, kula da struct: mai tara shiri (compiler) yana cusa nasa cikon inda ya ga dama sai ka hana shi da packed. Ni dai jerin bayit nake rubutawa da hannu, in ƙirga da yatsa.

Filaye kuma a jere suke bisa lambar bit ɗinsu, ba bisa son ranka ba: FLAGS na 1, RATE na 2, TX_FLAGS na 15, DATA_RETRIES na 17, MCS na 19, VHT na 21.

Don gudun 802.11n, cire RATE ka sa MCS, lambar da ke zaɓen matakin gudu:

```
00 00 0d 00
00 80 08 00    bit 15 da bit 19
08 00          NOACK
07 00 03       sanannu, tutoci, lambar MCS
```

Bayit na farkon ukun nan yana faɗin waɗanne bayanai ne ka cika da gaske. 01 faɗin tasha, 02 lambar MCS, 04 tazarar kariya, jimla 07. Idan babu 02 a ciki, mac80211 ba zai ko kalli lambar da ka rubuta ba. Mutane da yawa suna barin wannan bayit sifili su yi ta canza na uku. A bayit na biyu, 01 yana nufin 40 MHz, 04 gajeriyar tazara, 10 na hex kuma LDPC, wata hanyar gyaran kuskure. MCS 3 a faɗin 20 MHz shi ne 26 Mbps, MCS 7 shi ne 65, da gajeriyar tazara ya kai 72.2. Daga MCS 8 zuwa 15 sai kati mai rafi biyu, wato mai aika bayanai ta eriya biyu a lokaci ɗaya.

Dabara mai rage wahala: ajiye abin da ka haɗa a fayil ɗin pcap mai nau'in radiotap, ka buɗe da Wireshark. Idan ya karanta filayen yadda ka nufa, goshin ya tsira. Idan ya ce firam ɗin gurɓatacce ne, ba sai ka je ko'ina ba.

Mataki na 3: wa ke zaɓen gudu a katinka?

Goshi lafiyayye ba ya tilasta wa kowa. Takardar bayani da ke cikin ƙwayar Linux (kernel), mac80211-injection, ta faɗa a fili cewa RATE da MCS da VHT suna aiki ne ga na'urorin da ba su da nasu tsarin zaɓen gudu. Karanta waɗannan filaye ma sai a 2016 aka dawo da shi cikin mac80211, shi ya sa tsofaffin bayanai a intanet suke cin karo da juna: wani ya ce yana aiki, wani ya rantse ba ya yi, kuma kowa gaskiyar zamaninsa ya faɗa. Fara da uname -r ka san inda kake.

Sannan ka san katinka da sunansa na gaskiya, ba wanda ke jikin kwali ba:

```
lsusb
ethtool -i wlan0
cat /sys/kernel/debug/ieee80211/phy0/hwflags
```

Idan HAS_RATE_CONTROL ya fito a na ƙarshen, manhajar cikin katin ce ke zaɓen gudu, kuma sai idan an koya wa direban isar da roƙonka musamman zai yi tasiri.

Babban misali shi ne AR9271 na Atheros, mai lamba 0cf3:9271, wanda direbansa ath9k_htc ne. Ya yi suna wajen cusa firam, kuma ya cancanta, amma zaɓen gudu a cikin manhajarsa yake. Shi ya sa masu aikin wifibroadcast, da suka fara aika bidiyo ta wannan hanya a 2015, sai da suka gyara manhajar katin kanta don su kafe gudun. Ɗan'uwansa ath9k, na katunan da ake sokewa cikin kwamfuta, a hannun mac80211 yake, yana jin magana. Haka katunan Ralink masu rt2800usb galibi. RTL8812AU kuwa, direban da aka fi amfani da shi wajen wannan aiki daga wajen ƙwayar Linux yake, shi ke karanta radiotap da kansa, kuma reshe-reshe ne: abin da wannan reshen ya fahimta, wancan bai san shi ba. Idan da shi kake aiki, buɗe lambar direban ka nemi kalmar radiotap, ka ga filayen da yake dubawa da idonka.

A kula da TL-WN722N na TP-Link. Siga ta 1 ce mai AR9271. Ta 2 da ta 3 cif ɗin Realtek ne a ciki, RTL8188EUS, kwali iri ɗaya, ciki daban. Mai shago ba lallai ya sani ba. Ka je da kwamfutarka ka buga lsusb a gabansa kafin ka biya.

Gwaji mai sauri don raba laifin shirinka da na kati: aireplay-ng -9 -B wlan0 yana gwada cusawa a gudu daban-daban. Ka bar kunne na biyu a buɗe lokacin. Idan duk firam ɗinsa ma a gudu ɗaya suke fita, to ba rubutunka ba ne.

Mataki na 4: tasha, faɗinta, da dokar ƙasa

Neman 40 MHz a radiotap ba ya faɗaɗa tashar da katin ke kai. Sai ka saita ta tukuna, misali iw dev wlan0 set channel 6 HT40+, ka tabbatar da iw dev wlan0 info. Mai sauraro ma haka. Katin da ke sauraro a 20 MHz ba zai ji firam na 40 ba, mai rafi ɗaya ba zai ji MCS 9 ba, wanda bai san LDPC ba shi ma kurma ne a nan. Wani lokaci firam ɗin sun fita lafiya, kunnen ne bai kai ba.

Idan iw ya amsa da lambar -16, wani ne ke riƙe da katin. NetworkManager da wpa_supplicant sukan ɗauke shi su zaga tashoshi suna neman rauta, kai kuma ka ga gudu yana hawa yana sauka kamar numfashi. airmon-ng check kill yana sallamarsu.

Sai dokar zango. Duba iw reg get da iw phy. Tashar da aka rubuta wa no IR, wato ba a yarda kati ya fara aikawa a kanta ba, ko wadda ake buƙatar sauraron rada a kanta, mac80211 ba ya yarda a cusa firam a cikinta, kuma jefarwa yake yi shiru. Kwamfutar da ba a faɗa mata ƙasa ba tana zama a lamba 00, mai tsananin taka-tsantsan musamman a 5 GHz. Wanda ke Najeriya ya buga iw reg set NG ya sake dubawa. Ka sa ƙasar da kake ciki da gaske, ba wadda ta fi sakin ƙarfi ba.

Mataki na 5: gudu daidai, amma kaya ba sa isa

Koma ga fili na biyu na tshark. Idan filin ya nuna firam ɗin maimaici ne, kuma lambar jeri ɗaya tana fitowa sau da yawa, katinka jiran ACK yake, wato amsar an karɓa. Duk firam ɗin da adireshinsa na farko na mutum ɗaya ne, ƙa'idar 802.11 ta ce a jira amsar an karɓa. Katin da ke yanayin sauraro kuwa ba ya amsawa. Sai mai aikawa ya maimaita, kuma kowane maimaici tagar jiransa tana ninkuwa: 15, 31, 63, har zuwa 1023. Iyakar maimaici da aka saba gani a iw phy bakwai ce. Firam ɗaya ya ci wurin bakwai ko fiye. Magani biyu ne: ko ka sa NOACK kamar a misalan sama, ko ka mayar da adireshin farko ff:ff:ff:ff:ff:ff, wanda ba a jiran amsa a kansa. Na biyun ya fi tabbas, don ba ya dogara da ko direba ya karanta tutar. Idan kuwa kana son maimaici amma ƙididdigagge, DATA_RETRIES ne filinsa, kuma yana aiki ne tare da RATE ko MCS.

Idan babu maimaici, yi lissafin iska kafin ka zargi kowa. A 54 Mbps, firam mai bayit 1500 yana ɗaukar mikrosakan 244, har da 20 na share fage. Kafin ya fita sai katin ya ji tasha shiru na mikrosakan 34, ya ƙara jiran ƙuri'a wanda matsakaicinsa wajen 67 ne. Jimla wajen 345, wato firam 2,900 a daƙiƙa, kusan 35 Mbps. Wannan ne rufin ɗakin, a tashar da babu kowa. Mayar da firam ɗin bayit 100: aikawa mikrosakan 36, jira yana nan a 101, abin da zai isa bai kai 6 Mbps ba. Kamar tirela ce da ake ɗora wa buhu ɗaya, kowace tafiya kuma sai ta tsaya a shingen bincike. Haɗin Wi-Fi na yau da kullum yana kauce wa wannan ta hanyar ɗaure firam da yawa a tafiya guda, amma hakan yana buƙatar yarjejeniya tsakanin ɓangarori biyu, wadda firam ɗin cusawa ba su da ita. Saboda haka hawa daga MCS 5 zuwa 7 ba zai ba ka abin da cika firam ɗinka zai ba ka ba. Tara ƙananan saƙonni a shirinka, ka aika su a firam ɗaya babba.

Kuma tasha ba taka kaɗai ba ce. Katin yana saurarawa kafin ya yi magana, don haka kowace rauta da kowace waya mai raba data a kusa suna cin lokacinka. A ɗakin kwanan ɗalibai ko kasuwar waya, 2.4 GHz cike take. iw dev wlan0 survey dump yana nuna lokacin da tasha ta yi a cike, idan direban yana bayar da wannan. Gwada tasha 1, 6 da 11, ko ka sake gwajin da asuba ka ga bambanci.

Mataki na 6: shirinka da wayar USB

Idan iska tana da sarari amma akwai dogon giɓi tsakanin firam da firam, mai ciyarwa ne ba ya kawo abinci da sauri. A Scapy, kayan aikin haɗa firam na Python, kiran sendp() a cikin zagaye yana buɗe soket ya rufe a kowane kira, yana kuma sake gina firam ɗin daga farko. Buɗe soket sau ɗaya da conf.L2socket, ka mayar da firam ɗin bayit tun kafin zagayen, ko ka koma soket na AF_PACKET kai tsaye. A C, pcap_inject() ko send() sun isa yawancin aiki, sendmmsg() kuma yana miƙa firam da yawa a kira ɗaya. Cire printf daga cikin zagayen. Na ga shirin da allo ne kawai ke riƙe shi.

Kishiyar wannan ita ce turawa fiye da abin da iska ke ɗauka. Nan layin jira yake cika, send() ta fara dawo da ENOBUFS ko EAGAIN, ko firam su ɓace a hanya. Duba abin da kowane kira ya dawo da shi, ka duba ip -s link show wlan0. Ƙara girman SO_SNDBUF ba ya ƙara gudu, tsawon layi kawai yake ƙarawa, kuma ga mai aika bidiyo dogon layi jinkirin hoto ne. Gara ka auna tafiyar shirinka ta tsaya ƙasa kaɗan da lissafin mataki na 5.

lsusb -t zai nuna maka gudun da katin ya samu a USB. 480M shi ne daidai. Idan 12M ka gani, ka makale a USB 1.1, kuma babu goshin radiotap da zai fitar da kai. Masu gudanar da Kali a cikin VirtualBox sun fi faɗawa wannan: shiga saitin USB na kwamfutar cikin kwamfutar ka zaɓi 2.0 ko 3.0, ko ma ka tayar da Linux ɗin daga filashi ka huta.

Saura wuta da zafi. Katuna masu ƙarfin sigina suna jan wuta sosai lokacin aikawa ba tsayawa, fiye da lokacin sauraro. A kan Raspberry Pi ko doguwar waya siririya, ƙarfin yakan faɗi, katin ya ɓace ya dawo. Bar dmesg -w a buɗe a wata taga. Idan gudun yana da kyau a mintunan farko sannan ya lalace, taɓa katin da bayan yatsa. A watan Afrilu, a ɗakin da babu fanka, ƙaramin kati cikin rufaffiyar roba yana iya ƙona hannu. Cire robar, manna masa ɗan ƙarfen sanyaya, ba shi gajeriyar waya mai kauri ko mahaɗar USB mai wutarta daban, sannan ka sake gwajin na minti goma cif kana kallon tshark a ɗaya kwamfutar.